Yadda malamin jami'a ke cin moriyar gamayyar Kwalejoji Biyar ta Massachusetts

A yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, a kwarin kogin Connecticut, akwai manyan makarantu biyar da suka daɗe suna aiki tare a ƙarƙashin gamayyar da ake kira Five Colleges, wato Kwalejoji Biyar. Su ne Kwalejin Amherst da aka kafa a 1821, da Mount Holyoke ta garin South Hadley a 1837, da Jami'ar Massachusetts ta Amherst, wadda aka fi sani da UMass, a 1863, da Kwalejin Smith ta garin Northampton da ta fara karɓar ɗalibai a 1875, sai autarsu Hampshire da ta buɗe a 1970. An yi wa gamayyar rajista a 1965 tana da makarantu huɗu, Hampshire ta cike ta biyar. Smith da Mount Holyoke na mata ne, UMass ta gwamnatin jiha ce kuma ta fi sauran huɗun yawan ɗalibai ko da an haɗa su, sauran kuwa masu zaman kansu ne.

Abu ɗaya ya kamata malami ya riƙe tun kafin ya ɗauki alƙalami: gamayyar ba jami'a ba ce. Ba ta ba da digiri, kuma kowace makaranta tana da shugabanta da hukumarta da kasafinta da dokokinta. Duk wata dama da za ka samu, ta ƙofar makaranta guda za ka shiga, wadda ake kira makarantar gida. Mafi yawan shirye-shiryen da suka watse a irin wannan haɗaka, mantawa da wannan ne ya watsa su.

Mataki na farko: gane ƙofar da ta dace da kai

Damarmakin sun kasu gida-gida. Akwai musayar ɗalibai, inda ɗalibin wata makaranta ke ɗaukar kwas a wata ba tare da ƙarin kuɗin makaranta ba. Akwai sassan haɗin gwiwa, waɗanda fitattunsu su ne sashen ilimin taurari da sashen rawa. Akwai shirye-shiryen takardar shaida da ɗalibi ke haɗawa da digirinsa, irin su nazarin Afirka, da hulɗar ƙasa da ƙasa, da nazarin Gabas ta Tsakiya, da ilimin mandiƙi, da kimiyyar teku da gaɓarsa. Akwai tarukan ƙara wa juna sani na malamai. Sai muƙaman haɗin gwiwa, inda malami ɗaya ke koyarwa a makarantu biyu ko fiye. Akwai kuma cibiyoyi, irin su cibiyar koyar da harsunan duniya da cibiyar binciken al'amuran mata da aka kafa a 1991.

Wanda yake sabon zuwa ya fara da taron malamai. Wanda ya kwana biyu ya nemi shiga kwamitin wata takardar shaida. Muƙamin haɗin gwiwa shi ne mafi nauyi, kuma a kansa za a fi daɗewa a nan.

Mataki na biyu: buɗe kwas ɗinka ga ɗaliban sauran makarantu

Kwasa-kwasan makarantun suna bayyana a kundi guda na intanet. Ɗalibi yana neman kwas ta ofishin rajistarar makarantarsa, ofishin ya tura buƙatar ga makarantar da ke ba da kwas ɗin, kuma sakamakon yana komawa kan takardar sakamakonsa ta gida. Ana yin wannan sau biyu: lokacin rajistar share fage, wato wajajen Nuwamba don zangon bazara da wajajen Afrilu don zangon kaka, sai kuma makonnin farko na zango lokacin da ake ƙara kwas ko a ajiye shi. Ɗan shekarar farko yawanci ba ya shiga musayar sai ya kammala zangonsa na farko, kuma kowace makaranta tana ƙayyade yawan kwasa-kwasan da ɗalibinta zai ɗauka a waje.

Aikin malami a nan huɗu ne. Na farko, ya rubuta sharuɗɗan shiga kwas da bayanin abin da ake so ɗalibi ya sani, ba da lambar kwas ba. Idan ka rubuta cewa sai wanda ya ci kwas mai lamba kaza, ɗalibar Mount Holyoke ba ta san da wannan lambar ba, kuma kwamfutar rajista ba za ta gane makamancin kwas ɗin da ta yi a gida ba. Rubuta cewa ana buƙatar zango ɗaya na ilimin ƙididdiga ko makamancinsa, a tuntuɓi malami. Na biyu, idan ajin mai ƙayyadaddun kujeru ne, a ce 18, ya ware biyu ko uku ga baƙi tun farko, in ba haka ba 'yan gida za su cinye su kafin takardun baƙi su iso. Na uku, ya tabbatar a makon farko cewa baƙin sun samu shiga shafin kwas na intanet, domin kowace makaranta da nata asusun shiga, kuma akan ɗauki kwanaki kafin a buɗe wa baƙo. Kafin nan a tura musu karatun ta imel. Na huɗu, ya ɗora kalandar makarantun a kan tebur ɗaya.

Maganar kalanda ba ƙarama ba ce. Ranar fara zango da ranar gama shi da gajerun hutu ba lallai su zo ɗaya ba. Mount Holyoke da Smith suna da al'adar Ranar Dutse a kaka, ranar da shugabar makaranta ke soke darussa ba zato ba tsammani, a buga ƙararrawa da safe ɗalibai su fita yawo. Soke darasi a makarantar ɗaliba bai soke naka ba, don haka a rubuta wannan ƙarara a manhajar kwas. Haka kuma a makarantun nan biyu ɗalibai kan zaɓi lokacin rubuta yawancin jarrabawarsu da kansu a cikin makon jarrabawa bisa alkawarin riƙon amana, alhali a UMass ana kafa rana da sa'a. Abin da ya fi cutarwa shi ne makin ɗan ajin ƙarshe. Idan bikin yaye ɗalibai na makarantarsa ya riga wa'adin miƙa makinka, zai iya rasa fita tare da 'yan ajinsa saboda kai. Tambayi kowane baƙo a makon farko ko shi mai fita ne a bana, ka rubuta ranar da rajistararsa ke son makin.

Mataki na uku: lissafin bas

Motocin hukumar sufuri ta PVTA ne ke haɗa makarantun, kuma a lokacin zango ɗalibai da ma'aikata na hawa layukan gamayyar da katin shaidar makaranta. Layi mai lamba 38 yana bi ta UMass da Amherst da Hampshire, ya haura ta tsakanin duwatsu a hanya mai lamba 116 ya gangara Mount Holyoke. Layin B43 kuma yana haɗa Northampton da Amherst ta garin Hadley a hanya mai lamba 9. A taswira tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 15 ba, amma hanyar tana ratsa jerin manyan kantuna da fitilun ba da hannu, sannan kowa sai ya bi ta gadar Coolidge don ƙetare kogin. Da yamma, lokacin tashi daga aiki, motoci kan yi jerin gwano a bakin gadar, kuma ranar da dusar ƙanƙara ta sauka sai abin da hali ya yi.

Saboda haka kwas mai haɗuwa sau uku a mako na minti 50 bai dace da baƙi ba, domin ɗalibi zai ɓata lokaci a hanya fiye da wanda zai yi a aji. Wanda ke son baƙi ya sa kwas ɗinsa sau biyu a mako, ko sau ɗaya na sa'a biyu da rabi da rana ko da yamma. Malamin da zai koyar a makarantu biyu kada ya yarda a sa masa su a rana ɗaya sai da tazarar aƙalla sa'a biyu.

Mataki na huɗu: taron malamai

Wannan shi ne mafi sauƙi. Malamai masu sha'awar fanni ɗaya daga makarantu daban-daban su haɗu, su zaɓi mai jan ragama, su rubuta wa ofishin gamayyar gajeriyar takarda mai ɗauke da batun da sunayen mahalarta da yawan zaman da za a yi. Kuɗin da ake bayarwa ba su taka kara sun karya ba, na abinci ne da ɗawainiyar baƙon mai jawabi. A riƙa juya wurin zama tsakanin makarantun. Taron da kullum a wuri ɗaya ake yi, kafin shekara ta zagayo ya zama taron sashen masu masaukin. A kuma raba takardar da za a tattauna mako guda kafin zama. Amfanin taron ya wuce na tattaunawar, domin a nan ake sanin wa ke koyar da me, kuma daga nan sababbin shirye-shirye ke tsirowa.

Mataki na biyar: takardar shaida ta haɗin gwiwa

Ɗauki ta nazarin Afirka a matsayin misali. Ana son ɗalibi ya yi kwasa-kwasai shida da suka shafi Afirka daga fannoni daban-daban, ya kuma nuna ƙwarewa a wani harshe da ake amfani da shi a nahiyar banda Ingilishi. Babu ƙaramar kwaleji da za ta iya samar da wannan ita kaɗai a kowace shekara, amma idan an haɗa malamin tarihi daga nan da na siyasa daga can da na adabi daga wani wurin, sai ya yiwu. Kowace makaranta tana da mai ba ɗalibai shawara kan shirin, kuma su ne ke zama a majalisar da ke tafiyar da shi.

Don shigar da kwas ɗinka cikin jerin, aika wa majalisar manhajar kwas ɗin, ka nuna makonnin da suka shafi fannin. Don ƙirƙiro sabuwar takardar shaida kuwa, sai an yi haƙuri. A fara da jera kwasa-kwasan da ake da su a ƙasa, a nuna wanda ake bayarwa kowace shekara da wanda sai bayan shekara biyu. A samu malami mai kujerar dindindin a kowace makarantar da za ta shiga. Sannan shawarar ta bi ta shugabannin harkokin karatu na makarantun, ta kuma bi ta kwamitin manhaja na kowace makaranta ɗaya bayan ɗaya, kuma wata na iya amincewa wata ta ƙi. Inda aka fi tuntuɓe shi ne a gina shirin a kan kwas na wajibi guda wanda mutum ɗaya tak ke koyarwa. Ranar da ya tafi hutun bincike na shekara, ɗaliban ajin ƙarshe sun maƙale. Kowane kwas na wajibi ya kasance yana da aƙalla mutum biyu da za su iya ɗaukarsa.

Mataki na shida: muƙamin haɗin gwiwa

Dalilin wannan muƙami shi ne akwai fannonin da ɗalibansu a makaranta ɗaya ba su isa a ɗauki cikakken malami dominsu ba, irin su Larabci ko wani reshe na kiɗa, amma idan an tara na makarantu uku sun isa. Sai makarantun su raba albashin. Michael Klare ya shafe shekaru yana riƙe da irin wannan kujera a fannin nazarin zaman lafiya da tsaron duniya, mazauninsa Hampshire. Makaɗin jaz Yusef Lateef, wanda ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1981 zuwa 1985, daga baya ya zama farfesan kiɗa na gamayyar.

Mai irin wannan muƙami kamar mai mata biyu ne: in ba a tsara rabon kwana tun farko ba, kowane ɗaki zai ga an tauye shi. Don haka kada a sa hannu a takardar kama aiki sai an ga yarjejeniya a rubuce, wadda shugabannin sassan da shugabannin harkokin karatu na kowane ɓangare suka sa wa hannu. Ga abin da dole ta ƙunsa.

Ta faɗi makarantar gida, domin ita ke biyan albashi da inshorar lafiya da kuɗin fansho, kuma dokokinta ne ke aiki a kanka. Wannan yana da nauyi, domin malaman UMass ma'aikatan jiha ne masu ƙungiyar ƙwadago da yarjejeniyar aiki, sauran kuwa kowace da littafin dokokin malamanta. Ta faɗi rabon koyarwa da lamba. A ƙananan kwalejojin nan kwasa-kwasai huɗu a shekara shi ne abin da aka saba, don haka a rubuta, misali, biyu a gida, ɗaya a makaranta ta biyu, ɗaya a ta uku, a kuma tsara juyawar ta shekara uku gaba. Ta faɗi inda za ka yi aikin kwamiti da duba ɗalibai. Nan ne ake cinye sababbin malamai, kowane sashe yana kiran su taro yana ɗora musu ɗaliban da za su duba wa kundin kammala karatu, a ƙarshe su yi aikin mutum biyu a kan albashin mutum ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne aikin kwamiti ya tsaya a gida kawai.

Sai batun tabbatar da kujera ta dindindin, wanda a Amurka yawanci ake dubawa a shekara ta shida. Yarjejeniyar ta bayyana wa ke da ƙuri'a, da yadda ra'ayin sauran makarantun zai shiga fayil. Takardun da ɗalibai ke cikewa kan koyarwar malami sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kuma ba sa tafiya da kansu zuwa makarantar gida. Malami ya karɓi kwafinsu a ƙarshen kowane zango ya adana, ya kuma nemi wani babban malami a kowace makaranta ya shiga ajinsa sau ɗaya a shekara ya rubuta abin da ya gani. Wanda bai yi haka ba zai iske rabin koyarwarsa ba ta da shaida a ranar da ake buƙatarta.

Abu na ƙarshe da ake jin nauyin tambaya, alhali shi ne ya fi muhimmanci: me zai faru idan ɗaya daga cikin makarantun ta janye kuɗinta? A 2019 Hampshire ta faɗa matsalar kuɗi mai tsanani har ta nemi wadda za ta haɗe da ita, ta kuma karɓi sababbin ɗalibai 'yan ƙalilan a wannan shekarar. Duk mai neman muƙamin haɗin gwiwa ya binciki halin da kowace makaranta ke ciki a lokacin da yake nema, ya kuma sa a rubuta cewa makarantar gida ce za ta ɗauki nauyin kujerar gaba ɗaya idan abokiyar tarayya ta fita. Ƙananan abubuwa ma a rubuta su: tebur ko ofis a makaranta ta biyu, takardar izinin ajiye mota, da wanda zai biya kuɗin zirga-zirga.

Mataki na bakwai: bincike da ɗakunan karatu

Katin malami na makaranta ɗaya yana aron littafi a duka, kundin littattafan ɗaya ne, kuma ana kawo littafin da ka nema zuwa laburaren makarantarka. Littattafan da ba a cika nema ba ana ajiye su a rumbuna na haɗin gwiwa, ɗaya daga ciki tsohon ginin ƙarƙashin ƙasa ne na rundunar sojin saman Amurka a gindin duwatsun Holyoke, wanda aka gina lokacin yaƙin cacar baki, ɗayan kuma a garin Hatfield. Takardun W.E.B. Du Bois, marubuci kuma ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata na Amurka wanda ya rasu a Accra a 1963, suna UMass, kuma babban laburaren jami'ar sunansa yake ɗauke da shi. Smith kuma tana da tarin Sophia Smith na tarihin mata. Sai dai a lura, mujallun intanet ba su bin wannan ƙa'ida. Kowace makaranta da lasisinta, don haka abin da ke buɗe wa malamin UMass daga gidansa ba lallai ya buɗe wa na Smith ba, sai ya je can da ƙafarsa ko ya nema ta hanyar aro tsakanin laburare.

Malamin ƙaramar kwaleji da ke son aiki da ɗaliban digirin digirgir, UMass ce hanyarsa. Sashen da abin ya shafa ne zai nema masa izini daga makarantar karatun gaba da digiri kafin ya zauna a kwamitin ɗalibi, kuma a gama wannan kafin a sa ranar kare kundi. Idan za a nemi tallafin bincike tare, makaranta ɗaya ce ke jagora, sauran su karɓi rabonsu ta ƙaramar yarjejeniya a ƙarƙashinta. Kowace tana da kason da take cirewa na ɗawainiyar gudanarwa, kuma ofishin tallafi na kowace yana son ganin takardun kwanaki kafin wa'adin mai ba da kuɗin. A fara magana da ofisoshin aƙalla wata biyu kafin wa'adi. Binciken da ya shafi mutane kuma sai ya samu amincewar kwamitin ɗa'a, don haka a nemi kwamiti ɗaya ya duba, sauran su rubuta cewa sun dogara da hukuncinsa, maimakon a bi layi sau uku.

Ga malamin da ke zuwa daga Afirka

Cibiyar harsunan duniya ta gamayyar tana koyar da harsunan da ba su da cikakken sashe a makarantun, ta hanyar haɗa karatun ɗalibi shi kaɗai da zaman hira da mai jin harshen, sannan wani ƙwararre ya yi masa jarrabawar baka. Hausa ta kasance cikin jerin harsunan Afirka da aka bayar ta wannan tsari, tare da Suwahili da Yarbanci da Wolof da Twi. Cibiyar tana karɓar matasan malamai ta shirin Fulbright na mataimakan koyar da harsuna, wato wani shirin musayar ilimi na gwamnatin Amurka, wanda ake nema ta ofishin jakadancin Amurka a ƙasar mai nema. Manyan malamai kuma akwai shirin Fulbright na masu bincike daga Afirka, da wanda makarantar Amurka ce ke neman a kawo mata baƙon malami.

Wanda zai zo da hutun bincikensa, ga tsarin. Ya nemi malami guda a sashe guda da aikinsu ya yi kama, ya aika masa tarihin aikinsa da bayanin shafi biyu na abin da zai yi da tarin takardun da zai duba. Wasiƙar da aka aika wa gamayyar gaba ɗaya ba tare da mai masauki ba, ba ta da inda za ta sauka. Idan sashen ya amince, ofishin baƙi 'yan ƙasashen waje na makarantar ne zai fitar da fom ɗin DS-2019, wato takardar shaidar cancantar shiga shirin musaya, bayan ya ga shaidar kuɗin zama da ta jin Ingilishi. Da shi ake biyan kuɗin SEVIS, wato tsarin rajistar ɗalibai da baƙin musaya na gwamnatin Amurka, a nemi bizar J-1 ta baƙin musaya. Rukunin mai gajeren zama iyakarsa wata 6 kuma ba a ƙarawa, rukunin mai bincike ko farfesa yana kaiwa shekara 5. Inshorar lafiya wajibi ce ga mai wannan biza da iyalinsa. Idan gwamnatinka ko ta Amurka ce ta biya kuɗin zuwan, dokar komawa gida na shekara biyu na iya hawa kanka kafin ka samu wasu nau'o'in biza.

A watan Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, Chadi da Sudan na ciki, kuma an faɗaɗa jerin daga baya. Saboda haka tambaya ta farko ga ofishin baƙin ita ce ko ana ba 'yan ƙasarka bizar J-1 a halin yanzu, kafin a kashe ko sisi. Idan hanya a buɗe take, a fara shiri wata 9 zuwa shekara guda kafin tafiya, a kuma nemi gidan haya da wuri a kan layin bas, domin gidaje a Amherst da Northampton suna ƙarewa tun kafin zangon Satumba ya kama.